Daren da Fitilu Suka Amsa wa Baba Sallama

Sana'ata haska bukukuwa a wani ɗakin taro a Kano. Ni ne mutumin nan na lungu, bayan tebur mai maɓallai, wanda ba a tunawa da shi sai an ce amarya ta yi baƙi a hoto. Da can in an tashi daga dina, nakan sauke fitilu, in kashe kwansol, wato teburin nan da ke ba fitilu umarni, in ja babban makunni, in yi gida. Sai Alhaji mai wurin ya sayo firizar lemo, mai wayarin ya jona ta a layin fitilun dandamali, aka kafa doka: kada wanda ya sake taɓa makunnin nan.

Daren Asabar, barci ya fara ɗaukata ke nan, waya ta yi ƙara. Baba maigadi ne, murya ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, ka bar wasu a ciki ne?"

"Da hannuna na kulle, Baba."

"To, akwai masu biki."

Adaidaita sahu sun daɗe da tashi, dole na tashi maƙwabci na ari babur. Tun daga kan kwana na hango tagogin hol ɗin tar, sai ka ce yanzu za a shigo da ango. Baba na tsallaken titi riƙe da gora da carbi, shi da mai shayin layin da wasu masu gadi, kuma har sun gama bincikensu. Baba ya ja ni bakin taga ya ce in kalla. Ya ɗaga murya: "Salamu alaikum!" Ƙananan fitilun suka koma kore. Ya yi gyaran murya, suka koma ja. Mai shayi ya ce shi dai hankalinsa ya kwanta, tunda suna amsa sallama, Musulmai ne, a bar su su gama sha'aninsu.

Ana haka Alhaji ya iso da jallabiyar barci. Bai tambayi aljan ko mutum ba, wurin mita ya nufa. Manyan fitilun dandamali goma sha biyu ne, kowace wat 1000, ga su a ƙure tun tsakar dare. "Injiniya, ko su wane ne, wa zai biya katin nan?"

Abin da ya faru ba ya rasa nasaba da yaren da kayan nan ke yi da juna, DMX512, wanda aka tsara a Amurka a 1986. Waya guda na ɗaukar layi 512, kowane layi da lambarsa daga 0 zuwa 255: sifili duhu, 255 ƙurewar haske. Kwansol ba ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru, nanatawa yake yi, har kusan sau 44 a daƙiƙa. Ko lokacin da hol ke duhu ɗin nan, yana nan yana ta cewa sifili, sifili, sifili. Da ka kashe shi, ba sifili ya ce ba, shiru ya yi, su kuwa fitilu sun san bambancin. Kamar aji ne malam ya fita: wani ya ci gaba da rubutu, wani ya kwanta, wani ya haye benci.

Kowace na'ura da abin da aka saita mata in sigina ta ɗauke. Wata ta riƙe hasken ƙarshe, wata ta mutu. Dimarmu, wato na'urar da ke ƙara wa manyan fitilun haske ko ta rage, gwanjo ce daga kasuwar Alaba ta Legas, kuma mai ita na farko, Allah kaɗai ya san a wace ƙasa, ya saita ta ta jira 'yan mintoci, in ba ta ji kowa ba ta kunna komai. Ban ga laifinsa ba, ba a son kwansol ya mutu jama'a su tattake juna a duhu. 'Yan mintocin nan ne dai daidai lokacin da nake kulle ƙofa in bar unguwar. Ƙananan fitilun LED kuwa, 'yan Caina, kowace da ɗan makirufo a cikinta. In babu mai ba su umarni, sai su bi duk sautin da suka ji, ko ganga ce ko tarin Baba.

Na buɗe ƙofa na kunna kwansol, komai ya mutu ɗif. Na shiga saitin dimar na ce mata daga yau in ta ji shiru ta yi barci, sannan na bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya a kan tsani, Alhaji na haska mini da tocilan waya yana lissafin kati a bayyane.

Baba ya saurari bayanina har ƙarshe, ya gyaɗa kai. "Na ji, Injiniya, boko ya yi rana. Amma me ya sa kore suka yi wa sallama, ba ja ba?"

Ina laluben amsa Alhaji ya katse ni. "Tsaya. Kana nufin in an rangaɗa guɗa, da kansu za su canza launi?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Kuma ba sai kana wurin ba?"