"Wa ya aike ka buga ƙwallo?"

Tambayar da aka fara yi wa abokin aikina ke nan ranar da ya kira ofis ya ce jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ko sannu ba a yi masa ba. Ina wurin lokacin da abin ya faru, ran Asabar da yamma, kuma ba wanda ya taɓa shi. Ya kafa ƙafa zai juya, sai muka ji ƙas, ya zube yana riƙe da gwiwa. Kafin gari ya waye ta kumbura suntum, wando ma ya ƙi shiga.

Jijiyar nan da likitoci ke kira ACL ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar na cinya. In ta tsinke gaba ɗaya ba ta cika haɗewa da kanta ba, sau da yawa sai an yanko wata jijiya daga jikin mutum an dasa. Tiyatar ma mai sauƙi ce a kan abin da ke biyo baya. Na je duba shi bayan mako uku, na ga cinyarsa ta motse, ta zama kamar ba tasa ba. Yana zaune a tabarma, gumi na tsatsafo masa, wai ƙoƙarin ɗaga ƙafa yake yi sau goma kamar yadda likitan gashin ƙashi ya umarce shi.

Ku tuna Virgil van Dijk, ɗan ƙwallon Liverpool. A watan Oktoba na 2020 ya ji irin wannan rauni a wasan Liverpool da Everton, kuma bai sake taka leda ba har kakar ta ƙare, sai bayan wajen wata tara ya dawo. Mutumin da ke da likitoci da masu gashi a kansa kullum, albashinsa kuma na shiga. Duniya ta yi ta yi masa addu'a. Shi kuwa ma'aikacin da ya fita motsa jini, abin da kowane likita ke roƙon mu mu yi, shi ake wa kallon mai laifi. Wallahi wannan na yi min ciwo. Da hawan jini ne ya kwantar da shi saboda zaman kujera, da ba wanda zai ce wa ya aike shi.

Dokoki sun bambanta. A Jamus mai aiki ke biyan cikakken albashi na mako 6, daga nan inshorar lafiya ta karɓa. A Birtaniya kuɗin jinya na doka kan kai mako 28, ko da yake ba shi da yawa. A Amurka dokar hutun jinya ta 1993 ta ba da mako 12 ne, ba albashi. Amma ban ga inda aka tsara gwiwa ta warke bisa kalandar ofis ba.

Ba ina cewa mutum ya kwanta wata tara a gida ba. Dogon zaman ma cuta ne: kaɗaici, tunanin kuɗi, tsoron an maye gurbinka. Abokin nawa da kansa ya gaya min dare ya fi masa wahala fiye da ciwon. Abin da nake so shi ne a bar mutum ya dawo sannu a hankali, rabin yini tukuna, a ba shi aikin zaune, a bar shi ya je gashi ba tare da ya yi ta roƙo ba. Mai aikin tebur da mai ɗaukar kaya ba lokaci ɗaya za su dawo ba.

Shi dai ba a yi masa haka ba. Waya ta yi yawa, ya dawo a mako na biyar da sanduna biyu, ofishinsa kuma a hawa na uku. Kwana huɗu ya yi gwiwar ta sake kumbura, likita ya ƙara masa wata biyu.