Su riƙe hoton, su dawo mana da tagullar

Akwai wata magana da ta shiga bakin masu gidajen tarihi na Turai wadda ke ƙona mini rai: wai "mayar da kaya ta intanet". Za a ɗauki hoton kan tagulla na masarautar Benin da ke Najeriya ta kowace fuska, a haɗa shi a kwamfuta yadda za ka riƙa juya shi da yatsa a wayarka, a ce 'yan Najeriya sun samu abinsu. Shi kuwa kan yana nan cikin gilashi a Landan.

Fasahar kanta tana da amfani, kuma na yaba da ita. Shafin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya tattara bayanan kaya fiye da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Yau maƙeri a layin Igun na birnin Benin, wanda kakanninsa suka yi wa Oba, sarkin Benin, zubin tagulla, zai iya faɗaɗa hoto ya ƙirga jerin murjanin da aka zuba a wuyan uwar sarki. Amma babban aikin shafin shi ne ya zama rajistar ganimar da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897: ga abin, ga inda yake, ga hannuwan da ya bi. Wannan hujja ce ta mai neman haƙƙinsa, kuma a haka ya kamata a riƙe ta.

Idan kwafi ya wadatar kamar yadda suke faɗa, me ya hana su riƙe kwafin? A 2022 wata cibiya a Oxford ta nemi izinin auna sassaƙen Parthenon, tsohon haikalin Girka, da ke gidan tarihi na British Museum a Landan, don na'ura ta sassaƙa irinsu, a mayar wa Girkawa na asali. British Museum ta ƙi. A Berlin ma sai da wani mai fasaha ya shafe shekara uku yana ja-in-ja kafin a saki ma'aunin kwamfuta na sassaƙen kan Nefertiti, sarauniyar Masar ta dā, a 2019. Har hoton ma rowarsa suke yi!

Zancen cewa ba mu da wurin adanawa tsohon uzuri ne, bai cancanci dogon martani ba. Jamus ta miƙa mallakar kaya fiye da 1,100 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025, alhali British Museum na zaune kan kusan 900 tana fakewa da wata dokar Birtaniya ta 1963 da ta taƙaita mata fitar da kayanta.

Ya kamata hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta daina sa hannu a duk yarjejeniyar da hoto kaɗai za ta kawo. Duk abin da zai dawo, ya taho da cikakken ma'auninsa na kwamfuta, kuma mu ne za mu ce ga wanda zai yi amfani da shi.