Mai Martaba da masu sharhin da ba su ga fim ba

Tun da kwamitin zaɓe na Najeriya ya tura fim ɗin Mai Martaba zuwa gasar Oscar ta Amurka a 2024, har zuwa watan Disamba da aka fitar da jerin fina-finai 15 na ƙasashen waje babu sunansa a ciki, surutun da aka yi a kansa ya fi kallon da aka yi masa yawa. Da farko guɗa aka yi ta yi, wai Kannywood ta kai gaci. Da labari ya sauya, sai waɗansu daga cikin masu guɗar suka koma cewa dama fim ɗin Hausa bai isa shiga sa'a ba. Abin takaici shi ne, a majalisun Kaduna da na saurari wannan muhawara, mafi yawan masu yanke hukuncin tallar fim ɗin kawai suka gani a waya.

Wanda bai zauna ya bi rikicin sarautar Jallaba da ke cikin fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba, da wane baki zai ce daraktansa Prince Daniel Aboki ya iya ba da umarni ko bai iya ba? Sharhi aiki ne. Ana duba tsarin labari, da furucin 'yan wasa, da ko fadar da aka ɗauka a Daura ta yi kama da fada, da ko rawar da aka ba Adam A. Zango ta dace da shi. Mujallar Fim da aka kafa a nan Kaduna a 1999 ta saba mana da karanta irin wannan nazari, amma yanzu duk mai data ya zama alƙali.

Masu cewa amincewar Amurka ce ma'aunin inganci ba su cancanci doguwar amsa ba. Marigayi Usman Baba Pategi bai taɓa jiran wani kwamiti ba kafin Samanja ya tara yara da manya a gaban talabijin ɗin maƙwabta.

Ainihin matsalar ita ce hanyar da fim ke bi ya isa ga mai kallo. Ka leƙa shagon masu tura fina-finai a Tudun Wada da yamma, za ka tarar da matasa sun miƙa wayoyi suna tambayar sabon zangon Labarina ko abin da ya fito a YouTube, domin shi ne a kusa kuma shi aljihu zai iya. Fim ɗin da aka tanada don sinima da bukukuwan baje koli yakan wuce su ne ta sama, sannan a dawo ana cewa jama'a sun karɓa ko sun ƙi. Wace jama'a?

Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ya karɓi ragamarta a 2024, da masu shirya bikin fina-finai na Kaduna, su fara da samar da wuraren nuni masu sauƙin kuɗi a unguwanni irin su Kawo da Rigasa, ko da a ɗakunan taro na makarantu ne a ƙarshen mako.