Ku bar yaranmu su shiga fasif ta ƙofar Hausa

Malamai 'yan uwana masu koyar da Turanci a JSS, don Allah mu tsaya mu yi magana kan wannan darasi na aktif da fasif bois. Shekara da shekaru ina koyar da shi a nan Daura yadda aka koya mana, wato a rubuta doka a allo, karɓau ya dawo gaba, aikau ya koma baya, a saka was ko were, a kawo by. Yara su hardace tsaf, ranar tes kuma ka ga "the letter was wrote" har takarda talatin, wallahi ranka sai ya ɓaci.

To ni dai na gano laifin ba na yaran ba ne, domin yaron da muke cewa bai gane fasif ba kullum yana yin sa a gida. Ya fasa kofi, uwarsa ta fito daga ɗaki, me zai ce? "Inna, an fasa kofi." Ai ba zai ce na fasa ba! Ya san sarai yadda ake ɓoye mai aikin a bar aikin a fili, kuma amfanin fasif ke nan, amma mu ba mu taɓa gaya masa ba.

Wannan zangon da 'yan aji biyu sai na ajiye littafi na ce wa zai ba mu labarin rijiyar Kusugu. Aji ya kaure, kowa ya sani, ga macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ga baƙo ya zo da dare. Na ce to da gari ya waye, mutanen Daurama me suka ce? Wata yarinya can baya, wadda ko suna aka kira da ƙyar take amsawa, ta ce "Malam, cewa suka yi an kashe maciji, tunda ba su san wanda ya kashe ba." Na rubuta The snake was killed. Na ce da aka gane Bayajidda ne fa? Su da kansu suka ƙara by Bayajidda, ban buɗe baki ba.

Na san Hausa da Turanci ba su zo ɗaya ba, mu da "an" muke yi, ko mu ce tuwo ya dafu, ƙofa ta buɗu, su kuma sai sun canza siffar aikatau, kuma written da eaten da broken dole sai hadda, wannan ba makawa tunda BECE, jarrabawar kammala JSS, na jiransu a aji uku. Amma hadda bayan fahimta daban take.

Abin da ke ci min rai shi ne har yanzu akwai makarantun da ake cin tarar yaro don ya yi banakula, wato yaren gida, a aji. Minti biyar kacal na yi da Hausa ranar nan, sauran minti talatin da biyar duk Turanci muka yi, har suna rige-rigen fitowa allo. Da aka tashi yarinyar nan ta biyo ni har bakin ofis tana tambaya yadda za ta ce an ɗauke wuta.