Wanda Bai San $ Ba, Ya Daina Cika Mana Baki

Ba da kowa nake ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah da ya naɗa wa kansa rawanin gwanin Excel, manhajar nan ta lissafi a kwamfuta, har yana zagayawa yana cewa wasu ba su iya lissafi ba. To, mun buɗe aikin nasa mun gani, dokin mai baki ne kawai ya fi gudu.

Ya sa kason da za a cire a gidan B1, wato akwatin da jerin B ya haɗu da layi na 1, ya rubuta =A2*B1 a C2, amsa ta fito daidai, sai ya kama wutsiyar gidan ya ja ƙasa har layi na 200 yana murmushi. Shi bai san fomula ba ta riƙe sunan gida, tazara take riƙewa. Da ta sauka C3 ta koma =A3*B2, a C4 ta zama =A4*B3, ta baro B1 can sama tana ninka kuɗin mutane da gidajen da babu komai a cikinsu. Sifili reras tun daga C3 har ƙasa!

Maganin kuwa ko ɗan koyo ya sani. Ka ɗaure gidan da alamar dala, $B$1, ko ina ka ja shi ba zai motsa ba. A Windows ma ba sai ka wahala ba, F4 kawai za ka danna: sau ɗaya ta ɗaure harafi da lamba, sau biyu B$1, lamba kaɗai, sau uku $B1, harafi kaɗai. Amma ina! Girman kai ya hana shi tambaya.

Sai me gwanin namu ya yi? Ya ɗauko kalkuleta ya bi gida-gida yana goge fomula yana cusa lambobi da hannu, don kada a gane. Ranar da aka canza kason B1, babu abin da ya motsa a ƙasa. Da aka danna Show Formulas kuwa, maɓallin da ke nuna fomulolin da ke cikin gidaje, asiri ya tonu, lambobi ne tsirara. Cikin borin kunya ya cire jerin B ɗungurungum daga shafin wai yana gyara, sauran shafukan da suka dogara da shi suka cika da #REF!, alamar fomula ta rasa gidan da take nema, kamar ƙyanda.

Wai kuma kwamfuta ce ta lalace. Ita dai kwamfuta ba ta da bakin kare kanta.

Ni abin da ya fi ba ni dariya, halin mutumin da fomularsa iri ɗaya ne. Babu $ a jikinsa ko ɗaya. Duk inda aka ja shi nan yake komawa, yau yana bayan wannan, gobe yana bayan wancan, maganar safe daban ta yamma daban.

Kai kuma gwani, fayil ɗina da ka kwafa ka goge sunana, ka riƙe, na bar maka. In an tambaye ka a taron gobe me ya sa na rubuta B$1 a shafi na biyu ban rubuta $B$1 ba, ina kujerar baya ina sauraro.