Wai ana gyaran titin cikin birni

Wallahi na gaji da wannan gyaran! Sai damina ta kama a zo da katafila a farke kwalta, a tafi a bar mana ramuka kamar marinar Ƙofar Mata, baba kawai ya rage a zuba. Hanyar Kurmi fa, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa! An kafa fitilu masu sola, sati biyu suka mutu. An shuka itatuwa, awaki suka yi karin kumallo da su. An shimfiɗa intalok, 'yan adaidaita suka mai da shi tasha. Badala kuwa ana ta gutsurarta ana dasa shaguna, wai ci gaba! Kanwar naira ɗari zan saya, sai na tsallake kwata bakwai? Silifas nawa laka za ta cinye min?