Wai sai yaushe za a raba gadon nan?

Assalamu alaikum 'yan uwana magidanta da samari, musamman ku manyan 'ya'ya da Allah ya sa kuka riga ƙannenku zuwa duniya. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata baiwar Allah ta tare ni a ƙofar shago nan Garwa, da baƙar leda a hannunta an ƙulle ta da tsumma, ciki takardu ne har sun fara yin ja don tsufa, wai in karanta mata tunda da faransanci aka rubuta. Babansu ya rasu tun tana budurwa, yanzu 'yarta ta fari ake shirin yi wa aure, kuma har yau ba a raba gado ba. Babban wansu ne ke riƙe da komai, gida da shago da gona a bakin Binuwai. Takardar da ta miƙo min ta cinikin gonar ce, an daɗe da sayarwa, ko sunanta babu a ciki. Kullum in ta yi magana amsa ɗaya ce: a bari tukuna.

A bari tukuna ɗin nan ita ta kashe mu wallahi. A bari a yi sadakar uku. A bari a yi arba'in. A bari iyayenmu mata su fita takaba, to wata huɗu da kwana goma sun cika an fita, sai kuma a bari damina ta wuce, a bari auta ya girma, a bari wane ya dawo daga Yawunde. Shi kuwa Yaya Babba bai bari ba, kuɗin haya duk wata aljihunsa suke shiga, ya canza babur, ya ƙara aure, har Umra ya je ya dawo ana ce masa Alhaji, kuma in ƙanwarsa ta buɗe baki sai a ce ba ta da kunya, wai tun ƙasar kabarin uba ba ta bushe ba tana maganar dukiya. Haba malam, ƙasar da ciyawa ta fito a kanta shekara da shekaru?

Kuma abin nan ba ɓoyayye ba ne. A yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa in ya bari matuƙar ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne tun daga ranar. Allah da kansa ya yanka rabon a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, bai bar wa liman ko sarki ba balle kai. Matansa tumunin takaba su raba tsakaninsu in akwai 'ya'ya, mahaifiyarsa in tana raye sudusi, 'ya mace rabin na ɗa namiji. Rabin ne, ba a ce babu ba. Amma sai ka ji ƙato yana cewa ai mace gidan wani za ta kai mana dukiya. To naka ne da za ka damu da inda za ta kai? Aya ta 10 tana nan dab da su, masu cin dukiyar marayu wuta suke zubawa cikinsu. Kun haddace ta tun a makarantar allo.

Kuma duk daren da aka ƙara rikicin ƙaruwa yake. Yau ɗaya daga cikin magada ya mutu, nasa magadan sun shigo, gobe wani ya bi, gado ya hau kan gado, abin da malamai ke kira munasakha, lissafin da da a zama ɗaya za a gama yanzu sai an nemo malamin fara'ila ya kwana yana bugu. Shaidu sun mutu, wanda ya san iyakar gona ya makance. Jikoki da ba su san juna ba su ne za su haɗu a kotu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta ɓangaren hukuma ma a nan Kamaru hanya a fili take. A karɓo takardar mutuwa a meri, wato ofishin magajin gari, dangi su zauna a rubuta abin da aka tsayar kowa ya sa hannu, a kai kotu ta ba da jujuman na gado, wato hukuncin tabbatar da magada, shi ne zai lissafa magada ɗaya bayan ɗaya ya kuma faɗi wanda zai kula da dukiyar. In babu shi banki ba za ta sake maka ko dala ba. Sai dai nan ma wasunku suka samu ƙofa, da an sa sunan mutum a matsayin mai kula sai ya ɗauka an mallaka masa. Amana aka ba ka ɗan uwa, kuma za a tambaye ka lissafi. Filin da yake da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta hukuma, tun dokar 1974 ba a cinikinsa sai gaban noter, jami'in da doka ta ba ikon rubuta irin wannan cinikin, amma ku a zaure kuke yi da dare, da shaidu biyu da aka saya da kuɗin goro. Ku ma masu saye ba ku tsira ba, kun sani sarai gidan marayu ne shi ya sa ya yi araha, wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski.

Iyayenmu maza su ma, Allah ya ba su haƙuri, da nasu laifin. Ka ce Baba a rubuta abin da ake binka da wanda kake bi sai ya ce kana kira masa mutuwa. Alhali hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ko takarda ce ka rubuta da hannunka ka sa kwanan wata da sa hannu doka tana karɓa, sai dai ka sani a Musulunci babu wasiyya ga magaji. Mutum ya tafi ya bar kuɗi a asusun waya na Orange Money ba wanda ya san lambar sirrin, yaran amarya ko takardar haihuwa babu, to ka ga ka share wa mai a bari tukuna hanya.

Ban ma taɓo shinkafa da naman da ake dafawa ranar arba'in da kuɗin marayu ba, a ci a yi gyatsa a ce Allah ya kai lada kabari. Wane lada?

Ku ji tsoron Allah ku kira zama, ku nemo malami, ku ba kowa nasa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, kai ma 'ya'ya gare ka kuma su ma suna da baffa.

Da ba haka muka taso muka gani ba. Kafin arba'in an kira alƙalin Lamiɗo ko limamin unguwa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, hatta buta da butar shayi da tsohuwar babbar riga sai an yi musu kuɗi an rubuta. Dattijo in aka ce ya riƙe rabon maraya sai ya yi ta roƙo a ba wani, in ya karɓa kuma akuyar yaron daban take da nasa har ta hayayyafa ya miƙa masa gaban shaidu. Yanzu rige-rige ake a karɓa. Kuma duk shekara Yaya Babban ne na farkon ɗora hoton tsohon a WhatsApp, Allah ya jiƙan Baba, mun yi rashin bango, ƙannensa mata suna gidan haya mai gida na buga musu ƙofa.